Yara tara a mota mai kujera bakwai, daren Halowin

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Maraɗi ce, muna zaune a Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Yarana uku: babbar shekararta 10, na tsakiya 6, autan 3. A nan ranar 31 ga Oktoba ake bikin Halowin, yara su yi shigar dodanni da jarumai, su bi gida-gida da yamma ana ba su alawa. Ba fatawa na zo nema ba, mun riga mun yi wannan maganar da Abbansu, ya ce a bar su su karɓo alawarsu su dawo. Damuwata motar ce. Unguwarmu gidajen haya ne na bene, ba a cika bayarwa ba, shi ya sa bara ya kwashi namu uku da na maƙwabciyarmu huɗu da na ƙanensa biyu a Sienna ɗinsa mai kujera bakwai, muka tafi wata unguwar masu hali. Ya bar ƙofar gefe a buɗe yana tafiya a hankali, su dira su ruga su dawo su haye. Babu wanda ya ɗaura bel, autan kuma a cinyata yake a gaba. Sau ɗaya na tsakiyan ya ɓullo ta bayan motar zai tsallaka, wata mota ta taka birki har taya ta yi ƙara. Bana ma haka yake shirin yi. Da na yi magana ya ce ai ba gudu yake yi ba, kuma Allah ne mai tsarewa. Ita kuma maƙwabciyar mijinta aikin dare yake yi, ina jin nauyin in ce ba za mu ɗauki nata ba. Yaya zan yi?

Maman Ummi, Greensboro

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki su. Maganar halasci tunda kin ce kun rufe ta, ni ma na bar wa malamai. Amma tsoron da kike ji a kan motar nan yana kan hanya, kuma kada ki bari a mayar da shi tsoron mata. Yaron da ya ɓullo ta bayan mota har wani direba ya taka birki, tsakaninsa da asibiti bai wuce taku biyu ba.

Daren nan an daɗe ana ƙirga shi. Wasu likitoci masu bincike a Kanada, ƙarƙashin Dakta John Staples na Jami'ar British Columbia, sun ɗauki bayanan haɗurran mota na Amurka na shekara 42, daga 1975 zuwa 2016, suka kwatanta daren Halowin da daren mako ɗaya kafinsa da na mako ɗaya bayansa. Mujallar JAMA Pediatrics ce ta buga sakamakon a 2018. A dararen Halowin 42 ɗin nan masu tafiya a ƙafa 608 ne mota ta kashe, kuma haɗarin ya fi na sauran dararen da kashi 43 cikin ɗari. Inda abin ya fi muni shi ne yara 'yan shekara 4 zuwa 8: nasu haɗarin ya ninka har sau goma. Ɗanki na tsakiya a cikin wannan rukunin yake, kuma shi ɗin ne ya kusa gamuwa da tsautsayin bara. Ba daidaituwa ba ce. Yaro ɗan shekara shida yana da ƙafar gudu, amma bai iya auna saurin motar da ke tahowa ba, kuma idan ya hango gidan da ake raba cakulan a tsallaken titi, babu sauran abin da yake gani.

Binciken ya kuma nuna lokacin da ya fi haɗari shi ne wajen ƙarfe shida na yamma. Ki duba garinku. A ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa a Greensboro kafin shida da rabi da 'yan mintuna, don ba a mayar da agogo baya sai Lahadin farko ta Nuwamba. Ke nan yara suna fitowa daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gida a gajiye, hasken rana ya tafi, duhu bai gama sauka ba balle fitilar mota ta yi cikakken aiki. Almuru ke nan, lokacin da iyayenmu ke kora yara cikin gida. Na san Abbansu yana kallon abin kamar tashen da ya yi yana yaro, a bi gidaje da dare ana ba da sadaka. Sai dai tashe a lungu ake yin sa, inda mota ba ta cika shiga ba, kuma kowa ya san ɗan kowa. Wannan kuwa a kan kwalta ake yi, tsakanin baƙin direbobi da su ma suka shigo unguwar da ba su sani ba suna neman wurin fakin.

Abu ɗaya nake so ki riƙe, ko da kin manta sauran: motar ta kai ku unguwar, a yi fakin, a kashe ta, a zare makulli, sauran yawon a yi shi da ƙafa. Idan kuma tayar motar nan za ta juya, ko da daga wannan layin zuwa wancan ne, ƙofa a rufe take, kowa a ɗaure.

Zan tsaya a kan wannan, domin tsarin da maigidanki yake yi shi ne mafi haɗari cikin duk hanyoyin da ake yawon nan, alhali shi a ransa yana ganin kariya yake ba su. Babbar mota da ke rarrafe a gefen titi katanga ce. Direban da ke tahowa daga baya ba ya ganin yaron da ke gabanta, wanda ke tahowa daga gaba ba ya ganin wanda ke bayanta. Mai bin ku a baya kuma zai gaji da jira ya ratse ya wuce ku, kuma a daidai wannan ratsewar ce yaro ke fitowa. Shi kansa Abbansu idonsa biyu ne kawai. Yana ƙirga yara tara a madubi, yana duban gidan da suka shiga, yana duban 'ya'yan wasu da ke tsallakawa a gabansa, ƙafarsa tana wasa tsakanin birki da totur. Ɗan ƙaramin yaro da ya tsaya dab da hancin Sienna ko dab da bayanta, direba ba ya ganinsa daga kujerarsa. Saboda irin wannan ne ma aka wajabta kyamarar ribas a duk sabuwar mota a Amurka tun daga Mayun 2018, kuma ko da kyamarar, ba ta nuna yaron da ya rugo daga gefe sai ya riga ya shigo. Ga kuma buɗaɗɗiyar ƙofar. Yaron da ya zame yana hawa ko yana dira, da doguwar riga da bokitin alawa a hannu, inda zai faɗi shi ne gaban tayar baya. Nan ba a buƙatar gudu. Nauyin motar kaɗai ya isa.

Sai maganar “ai ba gudu nake yi ba”. A cikin unguwa wataƙila gaskiyarsa ne. To amma da wace hanya ake zuwa unguwar? Daga gidanku zuwa can dole ku hau babban titi, ku tsaya a danja, ku ratsa mahaɗa, kuma ku dawo ta nan da dare, a daren da manya ma ke nasu shagalin da giya. Ko shi bai yi kuskure ba, wani zai iya yi a kansa. Karo a gudun mil 30 a awa, wato kimanin kilomita 48, ƙarfinsa daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 9. Babu hannun uwar da zai iya riƙe ɗan shekara uku a wannan lokacin, duk son da take masa. Abin da ya fi muni, kujerar gaba ce: jakar iska tana fashewa ne da ƙarfin da aka auna don ƙirjin babban mutum, kuma yaron da ke kan cinya shi ne abu na farko da za ta samu. Shi ya sa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, take cewa duk yaron da bai kai shekara 13 ba a baya zai zauna. Wannan ya haɗa da babbar 'yarki, komai rigimar da za ta yi.

Shi ma saurin cikin unguwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma wannan lissafin zai amfane shi a matsayinsa na direba. Gidauniyar AAA, ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka, ta fitar da bincike a 2011 a kan masu tafiya a ƙafa da mota ta buge. A gudun mil 23 a awa, mutum ɗaya cikin goma ne ke mutuwa. A mil 32, ɗaya cikin huɗu. A mil 42, rabi. Tazarar da ke tsakanin mil 23 da mil 32 direba ba ya ma jin ta a jikinsa. Mota mai gudun mil 25 tana cin mita 11 a duk daƙiƙa, don haka kallo ɗaya ga waya ya ishe ta wuce ƙofar gida guda. Idan kun shiga unguwar, ya kunna fitilun gaba tun kafin duhu, ya tafi ƙasa da gudun da allon gefen titi ya rubuta, wayar kuma ta zauna a hannunki.

Yanzu ki ƙirga kujeru. Bakwai ne: nasa, naki, saura biyar a baya. Yara biyar ke nan, ba tara ba. Bel ɗaya na mutum ɗaya ne. Kada a haɗa yara biyu a bel ɗaya don suna ƙanana, a karo kawunansu ne za su haɗu, kuma but ba wurin zama ba ne. Dokar jiharku ta ɗora wa direba alhakin ɗaure duk wanda bai kai shekara 16 ba. Yaron da bai kai shekara 8 ba kuma nauyinsa bai kai laba 80 ba, wato kimanin kilo 36, sai an sa shi a kujerar yara da ta dace da shi. Wanda aka kama, bayan tara da kuɗin kotu, ana sa masa maki biyu a lasisi. Ki faɗa masa wannan ɗin, don na lura mazanmu sun fi jin maganar lasisi a kan maganar likita. Ke nan autan a kujerarsa mai madauri, na tsakiya a kujerar ƙarin tsayi da ake kira busta. Babbar ma ki gwada ta: ta jingina bayanta sosai, gwiwarta ta lanƙwashe a bakin kujera, bel ɗin ƙasa ya kwanta a kan cinya ba a kan ciki ba, na sama ya bi ta kafaɗa ba ta wuya ba. Yawancin yara sai sun kai tsayin santimita 145 bel ɗin manya ke zama musu daidai, kuma da yawa ba sa kaiwa sai tsakanin shekara 10 da 12.

Akwai abin da iyaye ke mantawa a wannan daren. Kayan shigar nan da yawansu masu kumburi ne, an cusa musu soso a ƙirji da kafaɗa, wasu da fukafukai, ga kuma rigar sanyi a ciki. Idan aka ɗaure yaro a kan wannan tulin, madaurin zai yi kamar ya kama, amma a karo soson ya lotse ya bar sarari, yaron ya zame. A tafi da su cikin kayan gida marasa kauri, a sa musu shigar bayan an yi fakin. Gwajin madauri kuwa mai sauƙi ne: bayan kin ɗaure autan, ki gwada tsunkule madaurin a kan kafaɗarsa da yatsu biyu. Idan kin iya kamo ninki, bai ɗauru ba. Alawa mai tsinke da mai tauri kuma a bari sai an isa gida. Ɗan shekara uku da ya shaƙe a kujerar baya cikin duhu ba lallai ya yi ƙarar da za ki ji ba.

Maganar maƙwabciya ita ce na ga ta fi yi miki nauyi, kuma na fahimta. A baƙuwar ƙasa maƙwabciya ita ce dangi. Amma ki yi tunani: wanne ya fi wuya, ki ce mata yau motar ba za ta ɗauke su duka ba, ko ki buga mata waya daga asibiti? Kuma ba sai kin ce a'a ba. Ki je tun da sauran kwanaki ki ce, “Maman wane, bana mun ce za mu yi abin a tsare, mota biyu za a yi. Ki ba ni kujerun yaranki, ke ma ki shirya mu tafi tare.” Ƙanen maigidanki yana da yara biyu a cikin tawagar, to ya fito da motarsa, ko matarsa ta fito da ita. Yara tara, biyar a nan, huɗu a can, an gama. Kuma za ki samu abin da ya fi motar muhimmanci, wato ƙarin manya. Yara tara a hannun mace ɗaya mai riƙe da ɗan shekara uku ba kulawa ba ce. Ina so a samu babba ɗaya ga kowane yara uku, kuma kowa ya san sunan waɗanda ke hannunsa kafin a sauka. Idan aka ce “kowa ya sa ido”, to babu mai sa wa.

Kada kuma a ɗora wa babbar 'yarki rainon ƙannenta a titi. Ƙungiyar Safe Kids Worldwide, mai aikin kare yara daga haɗurra, tana ba da shawarar duk yaron da bai kai shekara 12 ba ya kasance tare da babba a wannan yawon. Ita ma yarinya ce, ita ma alawar take nema.

In kun isa, a nemi wurin fakin mai haske, ba a bakin mahaɗa ba, ba a toshe mashigar gidan kowa ba. Kowa ya sauka ta ƙofar da ke gefen dakalin masu tafiya a ƙafa, ko da hakan na nufin wasu su rarrafa ta cikin motar. Daga nan ku bi gefe ɗaya na layin har ƙarshensa, ku tsallaka gaba ɗayanku a kusurwa, ku dawo ta ɗaya gefen. Wannan zirga-zirgar ta daga nan zuwa can, daga can zuwa nan, ita ce ke jefa yara tsakanin motocin da aka faka, kuma ita ce ta kusa cin ɗanki. A al'adar daren, gidan da ya kunna fitilar ƙofa shi ne ke bayarwa, wanda ya kashe a wuce shi. Unguwannin bayan gari da yawa a jihohin kudu ba su da dakalin gefen titi. Idan kun faɗa irinsu, ku bi can gefen hagu kuna fuskantar motocin da ke tahowa, yara a ciki, manya ta wajen kwalta. Kowace mashigar mota ta ƙofar gida ku ɗauke ta kamar ƙaramin titi: a tsaya a duba ko akwai mai yin ribas. Motocin lantarki da masu haɗa lantarki da fetur ba su da ƙara sosai idan suna tafiya a hankali, don haka kunne kaɗai bai isa ba. A wurin tsallakawa ki koya musu su jira har motar ta tsaya cak, su ga fuskar direban ya gan su.

Ke ma ki duba jikinki. Baƙar abaya da baƙin hijabi da magariba, direba ba zai gan ki ba sai ya zo kanki. Ki sa mayafi mai haske, ko ki ɗora rigar nan mai ɗaukar ido irin ta ma'aikatan titi, ba ta da tsada. Yaran a manna musu salatif mai ƙyalli a baya da hannu da jikin bokitin, kowa da 'yar tocilarsa ko sandar nan mai haske da ake lanƙwasawa. Abin rufe fuska na roba yana toshe ganin gefe, wanda shi ne ganin da ake hango mota da shi. Ko a yi musu zane a fuska, ko a ɗage shi sama sai an isa bakin ƙofa. Rigar da ke jan ƙasa a kama ta da allura tun a gida. Autan kuma, in har za a je da shi, hannunsa a naki, ko a keken turawa.

Sauran yadda za ki shawo kan Abbansu. Kada ki tayar da maganar ranar bikin, yara sun riga sun yi shiga suna tsalle a bakin ƙofa, a nan kowa zai kafe. Kada kuma ki yi ta a gaban ƙanensa ko maƙwabta. Ki same shi shi kaɗai bayan ya ci abinci ya huta, ki fara da abin da ya yi daidai, don ya yi: mutumin da ya dawo aiki ya kwashi 'ya'yan maƙwabta don kada su ji an bar su a baya, mai kirki ne. Sannan ki tuna masa ƙarar birkin nan, ki ce har yau tana dawo miki. Kada ki ce tuƙinsa ne bai yi ba, ki ce sauran direbobin ne ba ki yarda da su ba, kuma gaskiya ne. Ki ba shi aiki a sabon tsarin: shi zai zaɓi unguwar, shi zai zaɓi wurin fakin, shi zai tsaya a gaban tawaga ya tsallakar da su. Idan ya sake cewa Allah ne mai tsarewa, ki ce haka ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambaye shi a kan raƙumi, cewa ya yi a ɗaure shi sannan a dogara ga Allah. Ba sai kin ƙara komai a kai ba.

Idan mota ta biyu ba ta samu ba, akwai wata hanyar. Makarantu da cibiyoyin unguwa da yawa suna shirya rabon alawa a filin fakin, inda motoci ke tsaye a jere an buɗe but, yara suna zagayawa da ƙafa, sau da yawa tun da sauran rana. Ki duba takardun da makarantar yaranki ke aikowa a watan Oktoba. A irin wannan wurin ana iya yin sawu biyu, a kai biyar a bar su da ke, a koma a ɗauko huɗun. Sai dai a riƙe hannunsu a wajen shiga da fita, don nan ne motoci ke motsi.

In kuma duk kin yi wannan ya ce shi dai sai yadda aka yi bara, to ki gaya masa cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba, cewa ke da autan da na tsakiya ba za ku shiga motar da ƙofarta ke buɗe ba, kuma za ki sanar da maƙwabciyarki yadda tafiyar take don ita ma ta yanke wa nata hukunci, domin haƙƙinta ne ta sani. Ki sayi alawa jaka biyu ki ajiye tun yanzu saboda kukan da zai biyo baya.